Gashin Baƙi a Gwangwanin Ma'u Mai Kitso

Duk macen da ta taɓa ɗora kanta a cinyar Ma'u mai kitso ta Ƙofar Kwaya ta san ba a tashi daga wurinta da gaggawa. Sai an jira ta zare gashin da ya maƙale a haƙoran mataji, ta tsince na kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, ta duba zanenta, ta duba ƙarƙashin farcenta, ta murza shi a tafin hannu har ya dunƙule. Sannan ta kamo hannun mai kan ta buɗe, ta saka mata, ta naɗe mata yatsu a kai.

"Ungo abinki. Ban riƙe maki komi ba."

Shekara arba'in da ɗaya tana faɗin wannan magana, kuma ko silin gashin wata bai taɓa kwana a gidanta ba. Wurin goggonta ta gaji dokar, ita ce ta riƙe ta tun tana 'yar shekara shida. Kafin goggon ta bari ta taɓa tsinken tsaga, sai da ta shekara guda tana tsintar gashi kawai tana miƙa wa masu shi. Matan unguwa suna da dalilinsu. Wasu sun ce in gashinki ya faɗa hannun maƙiyiya, wurin boka zai kwana. Wasu sun ce in tsuntsu ya ɗauka ya yi sheƙa da shi, ke da ciwon kai har abada. Ita Ma'u ba ta cika yarda da zancen tsuntsun ba, don ta ɗan zauna a Islamiyya. Abin da ta sani shi ne mace ba ta rufe ido a cinyar wadda ba ta yarda da ita ba, kuma a cinyarta har minshari ake yi.

Ba wai don tana da daɗin zama ba ne, kada a yi mata ƙarya. Ma'u masifaffiya ce. In kika motsa kai ta ranƙwashe ki da gindin mataji, ko ke matar wane ce. In kika zo da kai ba wanki ta kora ki gida. In kuwa tsautsayi ya sa kika shigo mata da ƙarin gashi a leda, to ranar har maƙwabta sai sun ji sunan kakarki. Mijinta Malam Lado tela ya rasu da daɗewa, ya bar ta da gida mai ɗaki biyu da bishiyar lalle a tsakar gida, da ɗiya guda, Rashida, wadda ke aure a Kambarawa tana koyarwa a firamare. Kitson nan shi ya ciyar da su, shi ya yi wa Rashida karatu. Ranar Alhamis, da yake kowa na son shiga Juma'a da sabon kai, sai ka ga mata jere a kan benci tun hantsi har la'asar.

Wata Litinin da safe mota ta tsaya a bakin lungu, direba ya yi sallama ya ce Hajiya Fadila ce ta aiko daga GRA a ɗauko Inna Ma'u.

Ma'u ba ta bin gidaje kitso, ko gidan wa. Amma Fadila daban ce. Ɗiyar ƙawarta ce marigayiya Halimatus Sa'adiyya, a lungun nan aka haife ta. Ma'u ta yi mata kitson fari tana shekara uku, ita ta yi mata na aure. Kuma kaf unguwar ba a taɓa yin mai gashinta ba, gashi ne da sai an raba shi gida huɗu kafin mataji ya samu hanya. Wata takwas ke nan rabonta da zuwa. Ma'u ta riga ta yanke hukunci cewa yarinyar ta koma shagunan nan masu injin busar da kai, don haka ta shiga motar da maganganunta a shirye, ta jera su tsaf tun daga Ƙofar Kwaya har ƙofar gidan.

Ko ɗaya ba ta samu faɗa ba. Bayan an gaisa, an tambayi gida da Rashida da zafi, Fadila ta tashi ta kulle ƙofar ɗaki, ta dawo ta durƙusa gabanta ta zame ɗankwali.

Babu komai a kan. Fata ce kawai tana ƙyalli, ko gira babu.

"Innalillahi," in ji Ma'u. "Ɗiyar nan, mi ya same ki?"

"Ciwon daji ne, Inna. Maganin da ake ƙara mini ne ya zubar da shi. Likita ya ce in Allah ya yarda zai dawo." Fadila ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. "Daga ni sai maigidan muka sani. Ba na so a riƙa zuwa ana zama a kaina ana girgiza kai, kamar an zo ta'aziyya da wuri. Amma 'yata Nafisa ta shigo rannan ta gan ni haka. Shekararta biyar. Tun ranar ba ta yarda in ɗauke ta ba."

A cikin kwalin hular gashi ce, gashin mutum na gaske, baƙi wuluk, miƙaƙƙe, tsawonsa ya kai kamu biyu. Fadila ta ce daga wata ƙasa Biyetnam aka aiko da shi. So take a kitse shi shuku, irin wanda Ma'u ta saba yi mata, mai tsaga a karkace ta gefen hagu, don yarinyar ta ga uwarta yadda ta san ta.

"Kin san dai abin da malamai suka hwaɗa kan ƙarin gashi."

"Maigidan ya tambaya, Inna. An ce larura ce."

Ma'u ta yi tsaki, ba don ta ƙi ba, don dai hawaye na neman kunyata ta. Ta ce a kawo mata ƙwarya.

Ta kife ƙwaryar a gwiwa, ta ɗora hular a kai, ta fara. Nan ta gane ashe duk shekarun nan hutu take yi. Gashin Bahaushiya in ka kama shi yana kama ka, in ka ce ya zauna ya zauna. Wannan kuwa santsi ne da shi kamar yauƙin kuɓewa. Ta kitsa layi ɗaya, kafin ta kai ƙarshen na biyu na farkon ya warware yana kallonta. Ta shafa man kaɗanya ya ƙara santsi. Ta jiƙa shi da ruwa ya kwanta ya yi laƙwas. Ga shi babu wanda za ta ranƙwasa, don ƙwarya ba ta san zafi ba. Kwana uku motar na zuwa ɗaukarta, kwana uku tana zagin gashin da ƙasar da ta haife shi. A rana ta uku, da taimakon baƙin zare da allura, shuku ya tsaya. Ta datse jelar da ta yi tsawo, ta ɗora wa Fadila a kai, ta ja baya ta duba. Ko ita da ta yi sai da ta ɗauka gashin Fadila ne.

Sai hannunta ya yi abin da ya saba. Ta tsince na mataji, ta tsince na ƙasa, ta haɗa da jelar da ta datse, ta murza. Dunƙulen ya kai girman lemon tsami. Ta kamo hannun Fadila.

"Ungo abinki."

"Inna, ai ba nawa ba ne."

Ma'u ta tsaya da hannu a miƙe. Gaskiya ne, ba nata ba ne.

"To na wa ne?"

"Wa ya sani? Jefa shi a kwandon shara kawai."

Kwandon shara! Gashin 'yar mutane, wadda ta shekara nawa tana wanke shi tana taje shi, a haɗa shi da ɓawon ayaba. Ma'u ta dubi Fadila kamar ta zage ta, sai ta tuna ba ta da lafiya. Ta ƙulle dunƙulen a bakin mayafi, ta yage takardar da ke manne a jikin kwalin, ta yi alkawarin ba wanda zai ji komai daga bakinta. Da ta isa gida ta rasa inda za ta sa shi, ta tura shi cikin wani tsohon gwangwanin man kitso ta rufe. A ranta kwana ɗaya zai yi, gobe ta nemo mai shi.

Haka take ganin abin, wallahi. A tunaninta Biyetnam wani wuri ne kamar Jibiya, in ka tambayi mutum biyu a tasha za a nuna maka gidan.

Washegari da Rashida ta biyo daga makaranta, Ma'u ta miƙa mata takardar.

"Ke da kike da waya mai sanin komi, nemo mani matar da ke da gashin nan."

Rashida ta dubi takardar, ta dubi gwangwanin, ta dubi uwarta. Ta san motar wa ke zuwa, kuma ba yarinya ba ce. Ba ta tambayi komai ba. Ta ce akwai lambar masu sayarwa a jiki, amma sai an rubuta musu da yarensu. Ta buɗe ƙamus a wayar, ta rubuta kalmar gashi da Turanci don ta ga yadda suke cewa. To malamar makaranta da ƙamus, an gamu. Nan take ta manta da abin da aka sa ta.

"Inna, kin ga abin mamaki? Na kai sunansa daban, wai tok. Na jiki da na dabba kuma wai long. Ga wasu kalmomin ma masu kama da su a ƙasa. Kai, har da salon maganarsu a kan gashi, sun fi goma. Bari in karanta miki..."

"Rashida."

"Na'am, Inna."

"Jarrabawa na ce maki zan zamna? Mace nike nema, mai kai, wadda aka yanke ma gashi. Ki ce masu ga saura nan wurina, su hwaɗa mani inda zan aika mata."

Rashida ta rubuta, wayar ta juya shi zuwa yarensu, aka aika. Ba a yi minti biyar ba amsa ta dawo: hotunan gashi jere a kan tebur kamar kifi a kasuwa, da tambayar kilo nawa ake so. Aka sake rubutawa. Suka aiko da hoton fure da godiya. A karo na uku ne wani mai haƙuri a can ya gane tambayar, ya amsa cewa ba za a iya sani ba, domin ƙauye-ƙauye ake bi ana saye wurin mata, a haɗa a tsefe a ɗinka. Hula guda tana iya zama gashin mace uku ko huɗu.

Ma'u ta dafe kai. Da mace ɗaya take nema, yanzu sun zama huɗu, kuma ko sunan ɗaya babu.

"Ki binne shi mana, Inna, ki huta."

"Da izinin wa? In ɗaya ta so abinta hwa?"

"Daga Biyetnam?"

"Ke dai tashi ki tahi gidan mijinki."

Gwangwanin ya kwana biyu, ya kwana biyar. A rana ta shida Lami ta shigo. Lami maƙwabciya ce, katanga ɗaya ta raba su, irin matan nan da ba su taɓa sayen ashana ba tunda aka kawo su unguwa. Ta ce a ɗan sam mata man kitso ta shafa wa ƙafarta da ta yi kaushi. Ma'u na tsakiyar tsaga, ta ce ta duba kan taga. Gwangwani biyu ne a kan tagar, kuma kowa ya san wanda hannun Lami zai fara kaiwa.

"Au," in ji Lami. Ta rufe a hankali, ta ajiye, ta fita ko man ba ta ɗiba ba.

Wannan "au" ɗin kafin Juma'a ya zaga Ƙofar Kwaya ya leƙa Kambarawa. Ma'u na tara gashin mutane a gwangwani. Da maganar ta kai bakin rijiyar burtsatse gwangwanin ya zama tukunya. Da ta kai gidan suna tukunyar ta zama uku, har da layu. Sai kowa ta fara tuno abin da ya same ta. Wadda ke fama da ciwon kai tun bara ta gano dalili. Wadda mijinta ya daina cin tuwonta ta gano dalili, ita da kowa ya san tuwon nata da gudaji. Har wadda akuyarta ta ɓata sai da ta ce ai ranar ta je kitso. Matan da Ma'u ta naɗe wa yatsu a kan gashinsu sau ɗari, ba wadda ta tsaya ta tambayi kanta, to in tana ba ni nawa a hannu, na wa take tarawa?

Abin da ya fi ƙona wa Ma'u rai shi ne maganar da za ta wanke ta ba ta fi numfashi ɗaya ba. Da ta ce gashin kanti ne, da shi ke nan. Amma duk lungun sun ga motar GRA kwana uku a jere. In ta ce na kanti ne, za a ce me Fadila mai gashi har baya za ta yi da na kanti, kuma me ya sa Ma'u mai korar masu ƙari ta zauna ta kitsa shi? Lami kaɗai ta isa ta haɗa wannan lissafi kafin ta gama tauna goro. Don haka Ma'u ta ja bakinta ta yi gum, ta cika ta yi fam, ta huce a kan tukwane da kaji.

Alhamis ta zo, benci ya wuni babu kowa sai kaza. Wajen azahar Hajiya Rabi ta yi sallama. Shekara talatin tana zuwa duk Alhamis, tare suka yi zaman makokin mazajensu. Ita kam ba ta iya kewaye-kewaye ba. Suna gama gaisawa ta ce:

"Ma'u, zance nike ji. Akwai gashi a gidan nan?"

"Akwai."

"Na wa ne?"

"Ban san su ba."

Gaskiya ce tsagwaronta, kuma ba amsar da ta fi ta muni.

"Su? Ba ma mutum guda ba? To daga ina?"

Ma'u ta ɗauki mataji tana goge shi da bakin zane, alhali ba abin da ya same shi. Hajiya Rabi ta jira, ta jira, sannan ta zauna a tabarma ta cire ɗankwali. Aka yi kitson ba hira. Ba ta rufe ido ba ko sau ɗaya. Da aka gama, kafin Ma'u ta kai hannu, Hajiya ta zaro 'yar leda daga jaka, ta karɓi matajin ta zare gashin da kanta, ta tsince tabarma, ta ɗaga gefenta ta duba ƙasa. Har zanen Ma'u ta kakkaɓe.

"Sai wata Alhamis," ta ce.

Zagi bai taɓa sa Ma'u kuka ba, ita ce ma mai sa wasu. Amma wannan leda ta shige ta har ƙashi. Ta zauna a wurin hannunta a buɗe kan cinya har aka kira la'asar.

Da safe ta yafa mayafi ta tari kurkura, keken nan mai ƙafa uku, zuwa GRA. Ta shirya abin da za ta ce: ɗiyata, na riƙe maki amana, amma sunana na neman lalacewa, ki yarda in gaya wa mutum ɗaya tak. Ta samu Fadila a falo ta ƙara ramewa, shukun na kanta, Nafisa na zaune a cinyarta tana ƙirga layukan kitson da yatsa, tana ɓatawa tana sakewa.

"Inna Ma'u! Kin ga mutuniyar, yanzu ko banɗaki sai ta bi ni. Lafiya dai? Ya unguwa?"

"Lahiya lau," in ji Ma'u. "Zaren na zo dubawa, ko ya saki."

Zaren bai saki ba. Ta sha ruwa ta koma gida tana jin haushin kanta, da na Fadila, da na mai kurkurar da ya bi da ita ta cikin ramuka.

Ranar ta yanke shawarar binne gashin. Ta yagi ƙyallen farin yadi cikin ragowar Malam Lado, ta naɗe dunƙulen, ta haƙa rami a gindin lalle, inda take binne nata gashin tun zuwanta gidan. Da rana tsaka ta yi, tana sane da cewa idon Lami na bisa katanga. Tana turawa da ƙasa tana faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ku ma dai da abin haushi kuke. Mace ta zamna a yanke mata kai, ko sunanta ba ta bari a rubuta ba. Ko da yake wa ya san abin da ya kai ku. Ga shi nan kusa da nawa, ba tsuntsun da zai ɗauka. In kun tashi nema kun san wuri."

Da yamma labari ya fita cewa an ga Ma'u na binne asiri tana surkulle.

Wata bakwai aka yi a haka. Mata suka koma wurin wata yarinya a bayan masallaci, mai kitso kamar ana korar ta, kwana uku ya tashi. Ma'u na ganin kawunansu a gidan biki tana kau da kai, don tsagar kaɗai ta isa ta sa mata hawan jini. Abin da ya rage mata 'yan yara ne da iyayensu ba su damu ba, sai Hajiya Rabi da ledarta duk Alhamis. Rashida ta yi magiya har ta gaji.

"Inna, ki bari in je in gaya wa Fadila halin da ake ciki."

"In kika je ban yahe ba."

"Sunanki fa, Inna."

"Nawa ne ko naki?"

Wata Alhamis bayan ƙaramar Salla, Ma'u ta kai rabin kan Hajiya Rabi sai ga ƙarar mota a bakin lungu. Fadila ta shigo da ƙafarta, ta yi ɗan kumari, Rashida na biye da ita tana kallon ƙasa kamar wadda ta fasa tulu. Ba a gama amsa sallama ba Lami ta faɗo neman rariya, wasu mata biyu suka biyo ta neman abin da su ma ba su sani ba.

Fadila ta gaida kowa, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake Lami ba. Sannan ta zauna a bakin tabarma ta zame ɗankwali. Shuku ya bayyana, mai tsaga a karkace. Ta sa hannu biyu ta ɗaga shi gaba ɗaya daga kanta, ta ajiye a kan benci.

Lami ta saki rariyar da ba a riga an ba ta ba.

A ƙarƙashi wani ɗan gashi ne sabo, gajere, bai fi gaɓar yatsa ba, mai laushi irin na jarirai.

"Ciwon daji na yi," in ji Fadila, ba ta ɗaga murya ba. "Kaina ya zube tas. Wannan hular daga waje aka sayo, Inna Ma'u ta kitsa mini ita don 'yata ta daina gudu na. Ragowar ce kuka gani a gwangwani. Na ce ta zubar a shara ta ƙi, wai gashin mutane ne. Ni na roƙe ta kada ta faɗa. Sai jiya na ji abin da ya jawo mata."

Hajiya Rabi, da rabin kai a kitse rabi a tsefe, ta dubi 'yar ledar da ke hannunta, ta tura ta ƙarƙashin cinya a hankali.

In kana zaton Ma'u ta rungume Fadila tana godiya, to ba ka san ta ba.

"Wa ya aike ki?" ta daka mata tsawa. "Wata bakwai ina ƙunshe da bakina kamar mai ciwon haƙori, na rasa benci, na rasa suna, an mai da ni bokanya, duk don kada a ga kan nan. Ke kuma kin zo kin tuɓe shi gaban Lami! Lami hwa! To wahalar mi na sha?" Ta juya kan Rashida. "Ke kuma za mu gamu."

"Inna, na warke ne," in ji Fadila tana dariya, hawaye na zuba. "Likita ya sallame ni. Kitso na zo."

"Da wane gashin? Wannan ko kaza ba ta tsattsaga ba."

"Ki dai gwada."

"Kuma ki ɗauke mani hular can daga benci. Ba ta kwana gidan nan. Na gama da mutanen Biyetnam."

Hajiya Rabi ta matsa da kanta ba a ce mata ba, ta ce nata ya jira. Fadila ta gyara zama ta kwantar da kai a cinyar Ma'u. Gashin bai kai a kama ba, ko kalaba ba zai yi ba. Ma'u ta lakato man kaɗanya ta shafa, ta sa ƙaramin mataji tana tajewa a hankali, tana mita a kan 'ya'yan zamani da ba su jin magana. Ba ta kai ƙeya ba ta ji kan ya yi nauyi. Fadila ta rufe ido.

Ma'u ta daina mitar. Ta ci gaba da tajewa fiye da yadda ɗan gashin ke buƙata, matan na tsaye ba wadda ta motsa. Da ta gama ta ɗaga matajin ta duba a hasken rana. Sili huɗu ne ko biyar, gajeru, da ƙyar ido ke ganin su. Ta zare su da farce, ta duba zanenta, ta duba tabarma, ta murza a tafin hannu. Dunƙulen bai kai ƙwayar gero ba.

Ta kamo hannun Fadila ta buɗe, ta saka mata, ta naɗe mata yatsu a kai.

"Ungo," ta ce. "Wannan kam naki ne."